Duwatsu Shida da Tsoho Ya Naɗe a Tsumma

Wanda Ya ba mu aron rai Ya karɓi abinSa. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, kakana na wajen uwa ya rasu a Batsari, a gidan da bai taɓa yarda ya kira gidansa ba duk tsawon shekarun da ya yi a ciki tun da aka taso daga ƙauyenmu na gefen Ruma. Maƙeri ne, ɗan maƙeri. Mu jikoki Tsoho muke ce masa, kuma ba wanda ya san shekarunsa, har shi.

Kwana uku na yi a tabarmar gaisuwa ina kallon bakin mutane, don kowa da irin Tsohon da ya zo da shi. Liman ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Kawuna, babban ɗansa, ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar, domin mu biyun muna nan ranar da mai haƙurin ya wurga wa wani mai babur awartaki don ya tare masa haske a ƙofar maƙera. Wani mahauci ya ce bai taɓa ganin haƙoran Tsoho ba, amma wuƙar da ya ƙera masa ta yi aure, ta aurar da 'ya'ya. Wata tsohuwa daga Yasore ta aiko a ce ta yafe masa. Ba ta ce me ya yi mata ba, mu ma ba mu sani ba.

Rana ta biyu wani dattijon Bafulatani ya zo ya zauna can ƙarshen tabarma, mutane suka ɗan yi tsit. Ya yi addu'a, sannan ya ce lokacin da rabin kasuwa ta daina amsa masa sallama, Tsoho ne kaɗai ke gyara masa gatari, yana gyarawa yana faɗa wai bai iya riƙon kayan aiki ba. Kusa da shi kuma ga ɗaya daga cikin matasan da suka taɓa zuwa a ƙera musu bindiga lokacin da masifar daji ta yi tsanani. Tsoho ya ce musu shi hauya ya gada. Shekara guda suka yi ba sa gaishe shi. Wannan saurayin da idona na gan shi a gaban makara, ya ƙi sakar wa kowa.

Ni kuwa duk wanda ya ce min “ya haƙuri”, sai in ce “haƙuri sai ma’aiki” da baki kawai. A aljihun rigata akwai dutse guda a cikin 'yar leda, an rubuta lamba huɗu a jiki. Da na Batsari da na Safana da suka cika ƙofar gidan, ba wanda ya san da shi. Ban san ko kukan rashin Tsoho nake yi ba, ko kukan wannan dutsen.

Aikina a ɗakin bincike na wata jami'a nake yinsa, ina kula da na'urar da muke kira maikuroskop na lantarki. Tsoho bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. In aka tambaye shi, sai ya ce jikansa gadin inji yake yi a birni. Wata rana na zo hutu, na zauna a maƙera ina ƙoƙarin yi masa bayani. Na ce ita wannan na'ura ba da haske take gani ba. Ana sa abu a cikin wani ɗan akwati, a zuƙe iskar ciki gaba ɗaya, sai ta riƙa harba ƙwayoyin lantarki siriri a kan abin, layi bayan layi, abin da ya dawo mata shi take haɗa hoto da shi.

Ya ajiye masaba ya dube ni.

“Ba fitila, ba iska, ba ido?”

“Babu, Tsoho.”

“Ashe makaho kake gadi. Lalube yake da sanda.”

Ban taɓa jin wani malami ya faɗe shi daidai kamar haka ba. Daga ranar sunan na'urar ya koma Makaho. In na kira waya a gaisa, sai ya karɓe daga hannun kawu ya ce, “Ya Makaho? Ya ci abinci?”

Da aka kawo mana sabuwa, na zo ina cika baki. Na ce tsohuwar sai ka wuni kana fama kafin ta faɗi abin da ke cikin ɗigo ɗaya, wannan kuwa cikin ɗan lokaci za ta bi fuskar ƙarfe duka, ta nuna maka inda ƙarfe yake, inda yashi ya maƙale, inda wani ma'adini ya ɓuya, ko da wurin bai kai kaurin gashi ba. Na nuna masa hoton ƙusa a wayata. Ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce wannan ai fako ne da ya tsage da rani, ba ƙusa ba.  Can ya ce, “In ƙarhe ya hito daga dutse, Makaho na iya gane ko wane dutse ne uwatai?”

Na ce wani lokaci ana iyawa. In aka narka tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, dattin dutsen ba ya fita duka. Ƙananan ɗigo suna maƙalewa a cikin ƙarfen har abada, kuma suna ɗauke da alamar inda aka haƙo dutsen.

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar hauya da wani gwangwani.

Hauyar kowa a zuriyarmu ya san ta. Mahaifinsa ne ya narka ƙarfenta da hannunsa, zamanin da ba a san ƙira da ƙarfen mota ba. Ta yi noma har ta koma kamar tafin hannu, ba ta taɓa tsagewa ba. Mahaifin nasa ramuka shida yake haƙar tama, wasu a dajin Ruma, ɗaya wajen Yasore, wasu ta ɓangaren Safana har Babban Duhu. Shekarar da ya narka wannan ƙarfen Tsoho ya tafi cin rani, kafin ya dawo uban ya kwanta ciwon ajali, bai samu ya tambaye shi ba. Abin ya tsaya masa a rai tun yana saurayi. Da ya ga daji ya fara lalacewa, sai ya ɗauki sanda ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, ya ɗauko dutse guda a kowanne. Su ne a gwangwanin.

Na ce, “To Tsoho, ko an gano, wa zai koma narka tama yanzu?”

“Ba ruwanka. Ƙarhen mota na mutane ne, wanga namu ne. Ina son in nuna wa ɗiyana wuri in ce nan ne. Kuma ina son in sani kahin in iske ubana, kar ya ce mi na zauna yi.”

Sai da muka yi rigima kafin in tafi. Na ce dole a yanki ɗan guntu daga hauyar. Ya ce in na kusanto ta da zarto zai fasa min kai, kuma na yarda zai iya. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Kakata, wadda kowa ke kira Inna, ta ce da ni, “Maigida, ƙyale shi, kishi ne yake da kai,” irin wasan da take min tun ina ƙarami. Rana ta uku da safe na ji bugu a maƙera. Na leƙa, na tarar ya ɗora hauyar a kan uwar maƙera ya datse ɗan gefenta da kansa. Ya miƙo min guntun ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “In za a yi mata rauni, ni zan yi.”

Sannan ya buɗe gwangwanin, ga kowane dutse a naɗe a cikin tsumma mai launi daban, ya riƙa ɗaga ƙunshin ɗaya-ɗaya yana faɗin inda kowanne ya fito. Shuɗi daga wuri kaza, ja daga wuri kaza. Ina gyaɗa kai, hankalina yana kan guntun hauyar da yadda zan goge shi. Na ce a raina in na isa zan kira shi in rubuta.

A nan ne na yi abin da har yau na kasa gane yadda aka yi na yi shi. A ɗakinmu ƙura abokiyar gaba ce. Abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci shi ne, tsumma da takarda da duk wani datti ba sa wuce ƙofa. Ranar da layin amfani da na'urar ya zo kaina, bayan makonni, na tsaya a baranda na kwance ƙunshin nan shida, na zuba duwatsun a tire ɗaya, na jefa tsummokaran a kwandon shara. Na wanke duwatsun tas, na busar, na sa kowanne a ledarsa, na rubuta ɗaya zuwa shida yadda suka zo hannuna. Aiki mai tsabta, wanda ko shugabar ɗakin za ta yaba. Hannuna ne ya yi, kaina ban san inda ya tafi ba.

Guntun hauyar na dasa shi a cikin roba mai daskarewa, na goge har ya zama kamar madubi, na sa wa Makaho. Ga ɗigon nan kuwa birjik a cikin ƙarfen, dogaye-dogaye, sun miƙe ta inda masabar kakan mahaifiyata ta bi da su. Na daɗe ina kallo. Mutumin da ban taɓa gani ba, ga sawun hannunsa a allo. Na'urar ta nuna ɗigon suna da wani ma'adini da ake kira manganis da yawa. Na bi duwatsun shida, biyar ba su da shi sai kaɗan, na huɗu kuwa cike yake da shi. Shugabar ɗakin ta duba ta ce ba a rantsuwa a kan irin wannan, domin gawayi da yumɓun tanderu su ma suna zuba nasu a ciki, amma in za a sa ta zaɓa, na huɗu za ta zaɓa ba tare da ta yi dogon tunani ba.

Na zaro waya da murna zan kira Batsari. Ina neman lambar kawu sai na ji muryar Tsoho a kunnena tun kafin ya yi magana: wane tsumma? Na fita da gudu zuwa bayan gini. An ƙone sharar tun makon da ya wuce.

Ba abin da ban gwada ba. Na rufe ido ina ƙoƙarin tuna wanne na fara kwancewa, yau in ga shuɗi, gobe in ga ja. Na mayar da na huɗu cikin na'urar ina laluben tsagoginsa ko wani zare ya tsira daga wankin da na yi. Na samu guda ɗaya, zaren auduga, ya maƙale a wata 'yar kafa. Makaho ba ya ganin launi, hotonsa baƙi da fari ne, don haka na ciro zaren na duba a ƙaramin madubi mai amfani da haske. Fari ne. Na tuna akwai farin tsumma a cikin shidan. Na dubi jikina kuma, rigar aikin da nake sanye da ita farar auduga ce.

Mai karatu zai ce a koma ramukan mana a ɗebo wasu duwatsun. Ni ma na faɗa wa kaina haka. Amma hanyoyin nan yau ko mai babur ba ya bin su don ganin dama, kuma ba wanda ya san bakin ramukan sai Tsoho, shi kuma ƙafa ta riga ta ƙi.

Wata bakwai ina ɓoye wannan magana. Sau uku na zo Batsari a ciki, duwatsun suna can a aljihun tebur. Duk zuwa sai ya ce, “Makaho ya gama lalube?” Ni kuma in ce, “Saura kaɗan, Tsoho, layi ne ya yi yawa.” Zuwan ƙarshe yana zaune a rana a ƙofar maƙera, ba wuta a murhu, yana murza wani guntun gawayin ƙirya a yatsunsa. Na ba shi amsar da na saba. Ya dube ni ya daɗe, irin kallon da yake yi wa ƙarfe in yana son ya san ko ya yi ja sosai. Ya ce, “To. Allah ya ba Makaho lahiya.” Ya tambaye ni ko na ci tuwo.

Na yi ta ce wa kaina tsoron faɗansa nake ji. Ba gaskiya ba ne, na saba da faɗansa. Kunya ce. Mutum ya taka daji da ƙafa a shekarun da ya kamata yana kwance, ya miƙa wa jikansa mai ilimi, jikan ya zuba a shara don tsabta.

Ran uku bayan la'asar, da mutane suka ragu, na shiga wajen Inna a ɗakin da take takaba. Na durƙusa na gaishe ta, na zaro ledar na ajiye a gabanta, na faɗa mata komai ina kallon tabarma. Na zaci za ta yi salati. Ba ta yi ba.

“Ai ya sani,” in ji ta.

Na ɗago kai.

“Tun zuwanka na biyu. Da ka hita ya ce, wanga ya kwance su ya rikita, kunya ta hana shi hwaɗi. Na ce to ka gaya mai mana. Ya ce a’a, in na riga shi na kunyata shi, bari ya kawo da kansa.”

“Ko na kawo, Inna, me zai yi? Duk kamanninsu ɗaya.”

Ta dube ni kamar na yi maganar yara.

“A idonka. Shi da ya ɗaga ya ji nauyi, ya ɗan lasa, ya gama. Ko cikin duhu zai jera maka su. Kana tsammani don kansa ya naɗe su? Gwangwanin nan shekara nawa yana ƙarƙashin gado, tsirara suke a ciki. Sai da ka zo da labarin injinka ya sa ni na nemo tsummokara. Domin kai aka naɗe su, Maigida.”

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa sosai ba. Ashe wata bakwai amsar tana zaune a ƙofar maƙera tana tambayata ko na ci tuwo. Ni ina jin kunyarsa, shi yana yi mini kara, ajali kuma bai jira ɗayanmu ba. Har yanzu na rasa wanda zan ji haushi. In na ji haushin kaina, sai in tuna shi ma kalma ɗaya ce ta gagare shi, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa wa kowa ba. Ga haƙurin da liman ya ambata, ashe akwai shi, mu ne ba mu san inda yake ajiye shi ba.

Inna ta ɗauki ledar ta juya ta a hannu. Ta ce ita ta yanka tsummokaran, don haka ba ta manta ba. Shuɗin daga tsohon zanenta ne, na bayan dutsen Ruma. Jan atamfar na Babban Duhu. Ta bi sauran tana ƙirgawa da yatsu, tana faɗin sunan wuri da sunan tufar da aka yanko, ni ina rubutawa a bayan wata takarda, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ita ta san wane tsumma ne na wane wuri. Ni na san wane dutse ne ya haifi hauyar. Abin da ya haɗa biyun ya zama toka a bayan ginin jami'a.

Ta ce, “To wanga wane tsumma ne nashi?”

Na ce ban sani ba, sai dai na tsinci zare ɗaya a jikinsa, fari.

Fuskarta ta buɗe, karo na farko tun ranar Talata.

“Fari? Ai gefen rawaninsa ne! Na Yasore ke nan. Shi ma can zuciyarsa ta hi kwantawa, ya sha hwaɗa min. Alhamdu lillahi. Kira kawunka a gaya mai.”

Na yi shiru. Da na bar ta a haka, da yau zuriyarmu duka ta san cewa Yasore ne, jikoki su gaya wa jikoki, ba kuma wanda zai taɓa tuhumata. Wataƙila ma gaskiya ne. Amma shiru irin wannan na riga na gwada shi wata bakwai, na ga abin da ya saya mini.

Na ce, “Inna, rigar da nake aiki da ita ma fara ce. Ban san ko zaren rawaninsa ba ne, ko na rigata.”

Ta daɗe tana kallona, murnar tana sauka daga fuskarta a hankali, ina gani. Sannan ta kwance kallabin da ke gefen filonta, ta yagi bakinsa da haƙori, ta zare dutsen daga leda ta naɗe shi, ta ƙulle, ta miƙo mini.

“Rubuta a takardarka yadda ka hwaɗa min, da rawanin da rigar duka,” ta ce. “Wanga kuma kar ka kwance.”

Yana nan a kan teburina a naɗe, kuma ba ya wuce ƙofar ɗakin na'ura, don doka ba ta canja ba. Allah Ya jiƙan Tsoho, Ya yafe masa faɗansa da shirunsa, Ya haskaka kabarinsa. Ya riga ya iske mahaifinsa yanzu, ina fata ya tambaye shi da kansa.